Tabon da bai kai ƙwayar wake ba

Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Ko a gida "yaron nan" nake cewa, kakarsa ce mai kiran sunan baki cike. Shekararsa bakwai lokacin da abin ya same shi, yana aji biyu a firamaren da nake koyarwa, kuma da ciwon ciki ya fara, irin wanda kowace uwa ta saba ji ta ce a sha ruwan ɗumi a kwanta.

Bazara ce, zafin nan na Kano da ko fanka ka kunna wuta take huro maka. Sai ya dawo daga makaranta ya dafe cibiya ya duƙunƙune a kan tabarma, wani lokacin har da amai. Bayan awa ɗaya ko biyu kuma ya miƙe ya fita ƙwallo kamar ba shi ba. Wannan miƙewar ce ta yaudare mu. Har babansa ya fara zargin ko Islamiyya ce ba ya son zuwa. Mai kemis ya ce maleriya da taifot, kamar yadda yake ce wa duk wanda ya shigo da ƙafarsa, ya haɗa mana magani. Muka ƙara da na tsutsar ciki. Ciwon ya lafa mako biyu, muka ce alhamdu lillahi, sai ga shi ya dawo.

Wata safiya ya ƙwala mini kira daga banɗaki: "Umma, zo ki ga fitsarina kamar shayi." Na leƙa, wallahi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda muke zaune tare, ko tashi ba ta yi daga kan dardumarta ba ta yanke hukunci: "Tsargiya ce. Ba na ce kar a bar su shiga kududdufin nan ba da muka je gida?" Ban ga laifinta ba. A ƙasarmu idan yaro namiji ya yi fitsarin jini, tsargiya ce ke fara zuwa ran kowa, sau da yawa kuma ita ɗin ce. Aka ba shi maganinta, ya sha. Ciwon ciki bai fasa ba. Sai da muka kai fitsarin gwaji aka ce babu ƙwan tsargiya ko ɗaya, amma akwai jini da alamar ƙwayoyin cuta, a je a yi sikanin.

Ina tsaye a kansa mai sikanin ya shafa masa wannan man mai sanyi a kwiɓi, yana ta dariya wai cakulkuli ake masa. Mutumin ya daɗe a ɓangaren hagu. Sannan ya juyo mini da allon ya nuna wani farin abu mai baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. "Malama, kin ga wannan? Tsakuwa ce a ƙoda. Ta wuce santimita 2. Ƙodar ma ta ɗan kumbura, don fitsari ba ya samun hanya sosai."

Na ce, "Tsakuwa kuma? Ai wannan ciwon manya ne."

Haka na sani a lokacin. Daga baya na gane yara ma suna yi, har jarirai, kuma abin da ke sa a daɗe ba a gano ba shi ne yaro ba ya nuna kwiɓi ko baya kamar babba. Cibiya yake nunawa, ko ya ce cikinsa duka, ko ya yi ta zazzaɓi da ciwon sanyin fitsari yana tafiya yana dawowa. Cikin karance-karancen dare da na shiga a waya na ci karo da labarin wata tsakuwar mafitsara da aka tono a wani tsohon kabari a Masar a 1901, wadda ta haura shekara 6,000, kuma a ƙashin wani saurayi ɗan kimanin shekara 16 aka same ta. Ashe ciwon ya daɗe yana bin yara.

Hajiya kuwa nan take ta gano mai laifi: shinkafa 'yar gida da nake saya don sauƙi, wadda ba na tsince ta da kyau. Na sha faɗa ranar. Mun ɗauki kwanaki kafin ta yarda cewa tsakuwar da aka haɗiya hanji take bi ta fita, ba ta da hanyar zuwa ƙoda. Butar shayinta ce ta raba gardamar. Na ɗauko na nuna mata farin abin nan da ya maƙale a gindinta, na ce Hajiya wa ya zuba wannan a ciki? Ta ce ruwan rijiyar burtsatse ne. Na ce to haka likita ya ce: fitsari yana ɗauke da gishiri iri-iri a narke, idan ruwa ya yi ƙaranci ya yi kauri, sai su fara daskarewa, ƙwaya kan ƙwaya, har su zama dutse. Ta juya butar ta kalla, ta ce, "Ikon Allah," ba ta ƙara tada zancen shinkafa ba.

Likitan farko da muka gani dattijo ne mai kirki, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce tsakuwar da ba ta wuce milimita 4 ko 5 ba takan fita da kanta idan ana shan ruwa, amma wannan ba inda za ta, sai an cire. Abin da yake da shi a asibitinsu kuwa aikin yanka ne: a tsaga kwiɓi, a buɗe ƙoda, a ɗauko ta, a ɗinke. Ya ce akwai wuraren da ake yi ba tare da yanka ba, in muna da hali. Ina jin kalmar "tsaga" sai tabon wani kawun maigidana ya faɗo mini, wanda aka yi wa irin aikin shekaru da yawa da suka wuce. Tabon ya taso daga bayansa ya bi ƙarƙashin haƙarƙari ya zagayo gaba, tsawonsa ya fi taƙi. Na dubi kwiɓin yaron nan, duka-duka faɗinsa nawa yake?

Ba zan zagi aikin yanka ba. Ya ceci ƙodar mutane da yawa, kawun ma yana nan da ransa yana noma, kuma inda babu wani kayan aiki, ya fi a zauna ƙoda ta lalace. Amma tsoronsa ya sa muka yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Muka koma gida muka zauna wata uku.

A wata ukun nan babu abin da yaron nan bai sha ba. Sassaƙe daga ƙauye, jiƙo daga maƙwabta, man zaitun da lemun tsami da sassafe kafin ya ci komai, har da wani garin da masu tallar magani a mota da lasifika suka rantse yana narkar da tsakuwa cikin kwana bakwai. Ni da nake malamar makaranta, ni nake toshe masa hanci in ɗura. Duk ranar da bai yi ciwo ba sai mu ce ta fara narkewa. Ba ta narke ba. Wani dare ya tashi da rawar ɗari, haƙoransa na haɗuwa, jikinsa kamar garwashi, ga amai. Ƙarfe biyu na dare maigida ya buga wa maƙwabcinmu mai mota ƙofa. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti ana ƙarin ruwa da allurai ta jijiya. Likitar da ke bakin aiki ta kira ni gefe ta ce, "Maman yaro, tsakuwa da zazzaɓi idan suka haɗu ba abin jira ba ne. Fitsarin da ya tsaya ya kamu da ƙwayoyin cuta zai iya shiga jini. In zazzaɓin bai sauka ba zuwa gobe, dole a saka roba a buɗe wa ƙodar hanya." Allah ya sa ya sauka. Amma ranar na zubar da duk jiƙon da ke ƙarƙashin gado.

Wata ƙawata nas ce ta haɗa mu da wani likitan mafitsara a Abuja. Matashi ne, bai kai maigidana ba. Abin da ya fara burge ni da shi, yaron ya fara yi wa magana kafin mu. Ya tambaye shi ƙungiyar da yake goyon baya, suka ɗan yi musu, sannan ya juya bayan takardar gwaji ya zana ƙoda kamar ƙwayar wake, da siririn bututu yana saukowa zuwa mafitsara. Ya sa an yi wani hoton siti-sikan, ya ce na yara ana rage ƙarfin hasken don kada ya yi yawa a jikinsu. Hoton ya nuna santimita 2.3, a tsakiyar ƙoda inda fitsari ke taruwa kafin ya sauka, da wata 'yar ƙarama a ƙasa.

Ya ce hanya uku ce, duk babu tsagawa.

Ta farko, a farfasa ta daga waje. A kwantar da yaro, a jingina wata na'ura a bayansa, ta riƙa aika bugu mai ƙarfi ta cikin ruwa da tsoka, duk a tattara shi a kan tsakuwar, sau dubbai, har ta rugurguje ya fitsarar da garin. Ko allura ba a soka wa ƙodar. A birnin Munik na Jamus aka fara yi wa mutum wannan a 1980, kuma abin mamaki kamfanin ƙera jiragen sama ne, Dornier, ya ƙera na'urar. Ina jin haka na ce Dakta ai wannan muke so. Ya yi murmushi ya ce kowa ita yake so. Yara ma sun fi manya saurin fitar da ɓaraguzan. Amma ta fi dacewa da tsakuwar da ba ta kai girman wannan ba. In aka fasa babba, ɓaraguzan kan jeru a cikin bututu su toshe shi, kuma sai an maimaita sau biyu ko uku, kowane zuwa sai an sa yaro barci, don ɗan shekara bakwai ba zai kwanta shiru ana bugunsa ba.

Ta biyu, a bi ta hanyar da Allah ya riga ya yi. A zura siririyar kyamara mai lanƙwasa ta mafitar fitsari, ta wuce mafitsara, ta haura bututun har cikin ƙoda, a harba wa tsakuwar hasken leza ta zama gari. Babu ko ƙwarzane a fata. Matsalar ita ce bututun yaro siriri ne ƙwarai. Wani lokacin kyamarar ba ta shiga, sai an fara saka roba an bar ta mako biyu hanya ta saki, sannan a dawo. Ga tsakuwa mai wannan girma kuma, da wuya a gama a zama ɗaya.

Ta uku ita ya zaɓa mana, wadda a takarda ya rubuta PCNL. A huda 'yar ƙofa ta baya kai tsaye zuwa cikin ƙoda, a saka bututu, a leƙa da kyamara, a fasa da leza, a kwashe ɓaraguzan ta nan. Likitoci biyu a Suwidin ne suka fara cire tsakuwa ta wannan hanya a 1976. Shekaru da yawa ƙofar da ake hudawa ta manya ce, faɗinta ya kai santimita 1, wanda ga ƙodar ƙaramin yaro ba ƙaramin rami ba ne, jini kan zuba. Wajen 1998 wasu likitoci a Amurka suka gwada bututun da bai kai milimita 4 ba a kan ƙananan yara, a 2011 kuma a garin Nadiyad na jihar Gujarat a Indiya aka fito da wata allura mai ido a ciki wadda kaurinta bai kai milimita 2 ba. Likitanmu ya ce shi na tsakiya zai yi amfani da shi, kimanin milimita 5. Ya ɗauki bironsa ya zare ƙarfen tawadar ya nuna wa yaron bututun: "Ka ga wannan? Kusan haka."

Maigida, wanda malamin Arabiyya ne, bai ce uffan ba duk tsawon bayanin. Sai a mota ya ce mini ai Zahrawi, likitan nan na Andalus da ya rasu wajen 1013, ya rubuta yadda ake huda tsakuwar da ta maƙale a mafitar fitsari da siririn ƙarfe har ta fashe, ba tare da yanka ba. Na lura tun da ya tuno wannan hankalinsa ya kwanta da aikin. Kowa da abin da ke kwantar masa da hankali.

Likitan bai yi mana daɗin baki ba, wannan kuma na gode masa. Ya ce ƙanƙantar ƙofa ba ta hana haɗari. Ƙoda gida ce ta jini, za a iya samun zubar da sai an ƙara masa, don haka a tanadi leda ɗaya. Zazzaɓi na iya biyo baya. Wani ɓarɓashi na iya ɓuya a wani lungu har sai an sake komawa. Kuma ba zai taɓa shi ba sai gwajin fitsari ya nuna babu sauran ƙwayar cuta, ko da za mu yi fushi. Haka kuwa aka yi, sai da aka ɗaga ranar sau ɗaya.

Maganar kuɗi ba zan faɗi adadi ba, don farashin bara ba na bana ba ne. Abin da zan ce, sarƙar da aka sa mini a lefe ta tafi, adashina na shekara ya tafi, ƙannen maigida biyu suka cika. A layin ganin likita na zauna kusa da wata mata da ta zo da 'yarta daga wani ƙauye, ita ma tsakuwa. Da aka faɗa mata kuɗin sai ta ɗaure takardun a bakin zani ta ce za su je su yi shawara. Na san irin wannan shawarar. Har yau in na tuna ta sai in ji abin ya tsaya mini a wuya, don tsakuwar 'yarta ba ta fi ta ɗana laifi ba.

Ranar aikin an hana shi abinci tun dare. Aka sa masa koriyar riga mai igiya a baya wadda ta sauko masa har ƙafa, yana ta riƙe bayan don kada a ga wandonsa. Abin da ya dame shi ke nan, ba aikin ba. A ƙofar tiyata mai ba da maganin barci ya durƙusa ya ce masa zai hura balan-balan ne, in ya iya ƙirga goma kafin ta cika ya ci kyauta. Aka tura gadon. Alkunya ta hana ni rungume shi a gaban mutane, sai na gyara masa hular leda da ke kansa, na ce, "Ka yi bisimilla." Ƙofar ta rufe.

Awa biyu da 'yan mintuna. Na san adadin tayil ɗin da ke barandar nan. Maigida ya ja carbi har na ji tsoron zaren zai tsinke. Hajiya tana kira daga Kano duk bayan minti goma, tambaya ɗaya: "An fito?"

Da likitan ya fito, hular tiyata na kansa, wata 'yar roba mai murfi ya miƙo mini, irin wadda ake kai fitsari gwaji. A ciki ɓaraguzai ne ruwan ƙasa-ƙasa, masu kaifi, kamar an daka tsakin kanwa. Na girgiza su suka yi ƙara. Wannan abin ne ya hana mu barci kusan shekara. Ya nuna mana hoton cikin ƙodar a wayarsa, jajir kamar cikin baki, da ɗigon haske yana cin dutsen ƙura na tashi a ruwa. Ya ce sun fara saka siririyar roba ta ƙasa, suka kifa shi, suka nemi wurin hudawa da sikanin da hoton eksire, allura ta shiga, aka bi ta da waya, aka faɗaɗa a hankali. Bai buƙaci ƙarin jini ba.

Daren farko bai yi daɗi ba, kada wani ya ce muku aikin nan kamar cire ƙaya ne. Ya farka yana kuka, da robar fitsari, fitsarin cikin jakar ja kamar zoɓo. Na firgita, nas ta ce haka yake, zai washe. Kashegari da yamma zazzaɓi ya ɗan taso, aka canja allura, ya sauka. A rana ta biyu ya nemi shayi da burodi. A ta uku aka cire robar fitsari, ya taka da ƙafarsa har bakin baranda yana leƙen motoci. A ta huɗu muka kamo hanyar Kano.

Gida ya cika da 'yan dubiya. Hajiya ta sa aka kwantar da shi a ɗakinta, ta ce a buɗe mata ta ga wurin. Na ɗaga rigar na ɓare filastar. Ta gyara tabarau, ta matso, ta duba, ta sake dubawa.

"Ina aikin?"

"Ga shi nan, Hajiya."

"Wannan? Wannan ai ko kaciya ta fi shi. Nan aka kai kuɗin sarƙar?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma wannan maganar ta Hajiya ita ce ta kusa jawo mana wata masifar, don kowa ya ɗauka an gama, har da ni. Ido abin da ya gani yake yarda da shi, kuma abin da ido ya gani ɗinki ɗaya ne. Alhali a cikinsa akwai wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai da gindi, ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, da aka bari don fitsari ya riƙa sauka kafin kumburi ya sace. Sitent suke ce mata. Ita ce ke sa shi yawan zuwa banɗaki, da ɗan jini in ya yi guje-guje, da jin tsiko a kwiɓi in yana fitsari. An ce mu dawo bayan mako huɗu a cire. Mako huɗu ya zo daidai da jarrabawar ƙarshen zango, ga kuɗin mota, ga yaro yana wasansa lafiya lau. Maigida ya ce a bari sai an yi hutu. Na yarda. A mako na shida wayata ta yi ƙara, nas ɗin likitan ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba: "Hajiya, robar nan ba ta zama. In ta daɗe tsakuwa ce ke taruwa a jikinta tun daga sama har ƙasa, cire ta sai ya fi aikin farko wahala. Akwai waɗanda suka manta da ita shekaru har ƙodar ta mutu." Jibi muna Abuja. Cirewar ko minti goma sha biyar ba ta kai ba, ko da yake sai da aka sake sa shi barci. Duk wanda aka yi wa ɗansa irin wannan aiki, ya tambaya kafin ya bar asibiti: an bar roba a ciki? Yaushe za a cire? Ya rubuta ranar a bangon ɗaki in ta kama.

Sai kuma tambayar da ni ban ma yi tunanin yi ba, likitan ne ya yi ta: me ya sa ɗan shekara bakwai ya yi tsakuwa? Ya ce babba kan yi sau ɗaya a ce tsautsayi, amma yaro in ya yi, akwai dalili a ƙasa sau da yawa, kuma in ba a nemo shi ba za ta dawo, ga shekaru masu yawa a gabansa. Ya tambaye mu ko auren zumunci muka yi. Muka dubi juna, don ni da maigida 'ya'yan wa da ƙani ne. Ya ce ba laifi yake nema ba, akwai irin tsakuwar da ake gado idan uwa da uba duk suna ɗauke da abin, kamar dai yadda sikila take, kuma maganinta daban ne. Aka aika rabin ɓaraguzan gwaji. Aka kuma ba mu jarka mu tara fitsarinsa na awa 24 cur, a zubar da na farkon safiya, a tara duk sauran har na safiyar gobe. Ranar Asabar muka yi, na hana shi fita, ƙannensa suna bin sa da tsokana duk inda ya ɗauki jarkarsa.

Sakamako ya nuna ba ta gado ba ce. Irin wadda aka fi samu ce, ta kalsiyam da okzalet, wani sinadari da ake samu a wasu kayan abinci kamar alayyafo da gyaɗa. Fitsarinsa na yini guda kuma ya yi kaɗan ƙwarai, ga kalsiyam da yawa a ciki. Jin kalsiyam sai na ce to shi ke nan, an daina ba shi madara da nono. Likitan ya ce kul. Kalsiyam ɗin abinci shi ke kama okzalet tun a hanji ya fita da shi ta bayan gida, in aka hana yaro sai abin ya ƙaru, ga ƙashinsa yana buƙata. Abin da za a rage gishiri ne, don gishiri ke jan kalsiyam zuwa fitsari. Na fara lissafi a zuci: dunƙule nawa nake jefawa a miya, taliyar yara da yake ci kusan kullum da duk garin ɗanɗanonta, yajin ƙuli, cincin ɗin kanti. Alayyafo da gyaɗa aka ce a sassauta, ba a daina ba. Lemun tsami kuwa, wanda na yi ta ɗura masa, ashe yana da amfaninsa: yana taimakawa wajen hana sabuwa ƙulluwa, amma ba ya narkar da irin wannan in ta riga ta zama dutse. Sai ruwa. Ledar fiya wata huɗu a rana aƙalla, in ana zafi a ƙara, kuma ma'aunin shi ne launin fitsari: in ya yi rawaya sosai, ruwa bai isa ba.

A nan ne abin ya dawo kaina. Da muka dawo na zaunar da shi na ce, kai me ya sa ba ka shan ruwa a makaranta, ga gora ina cika maka kullum kana dawowa da ita? Ya sunkuyar da kai ya ce in ya sha fitsari yake ji, banɗakin makaranta kuma ba ya shiguwa, in ya ɗaga hannu ma malama cewa take ya zauna sai an tashi tara. Saboda haka ya daina sha. Daga bakwai na safe har ƙarfe biyu, a zafin Afrilu, sannan ya wuce Islamiyya.

Ban iya ce masa komai ba, don ni ma haka nake yi a ajina. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma "koma ka zauna" ta fi kowace kalma fita daga bakina. Yara saba'in ne a gabana, in na bar ɗaya ya fita, goma za su ɗaga hannu, rabinsu wasa za su. Ina da hujjata. Amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa akwai yaron da zai magance matsalar ta hanyar ƙin shan ruwa ba, sai da aka miƙo mini ɓaraguzan a roba.

Na kai maganar banɗaki taron iyaye da malamai, aka yi ta na'am, aka kafa kwamiti. Kun san sauran. Abin da ke hannuna shi na yi. Na sayi randa da moɗa biyu na ajiye a bayan aji, yara ke cika ta bi da bi. Na yanka kwali biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata, na rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Mai jin fitsari ba sai ya tambaye ni ba, ya ɗauki kwali ya fita, in ya dawo ya mayar, na gaba ya ɗauka. Makon farko sun mayar da abin wasa, kwalin bai taɓa minti ɗaya a ƙusa ba. Zuwa mako na uku ɗokin ya wuce.

Shi kuwa yaron nan, duk wata shida muna zuwa sikanin, an yi uku yanzu, ƙodar ta koma daidai, babu sabuwa. Tabon ya zama ɗan baƙin ɗigo a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, sai ka nema za ka gani. Ya mayar da shi abin alfahari, yana ɗaga wa abokansa riga yana ce musu harbin leza ne. Sauran ɓaraguzan suna wurin Hajiya, ta ƙulle su a cikin kwallarta tare da turaren wuta. Duk baƙuwar da ta zo sai ta fito da su ta girgiza mata, sannan ta leƙa tsakar gida ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa, ta ce ya zo ya shanye ruwan gorarsa a gabanta.